Takarda Ba Ta Jin Kunya: Yadda Muka Shirya Tsallake Duwatsun Shugabanni a Yini Ɗaya

Mu uku ne. Ni haifaffen Jos ne, ina zaune a Bronx, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Sai Alhaji, ɗan zangon Kumasi, mai shekara 56, wanda ya shafe fiye da 20 daga cikinsu a bayan sitiyarin tasi a birnin Niyu Yok. Na ukunmu ƙanen matata ne, Auta muke ce masa, yaro ɗan shekara 26 mai gudun famfalaki, wanda ba ya ganin tudu sai ya ji ƙafafunsa suna ƙaiƙayi. Shi ya kawo maganar wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci: mu je jihar New Hampshire mu bi doron Duwatsun Shugabanni daga arewa zuwa kudu, mu gama a yini ɗaya.

Na rubuta wannan ne don in ajiye yadda shirin ya kasance, inda ya tsare mu da inda ya bar mu a fili. Ba mu kai ƙarshen hanyar ba, gara in faɗa tun yanzu.

Wurin da muka nufa

Turbar Afalashiya hanyar ƙafa ce mai tsawon kimanin kilomita 3,500. Ta taso daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta tuƙe a dutsen Katahdin a jihar Maine. Wani mai suna Benton MacKaye ne ya fara kawo shawararta a 1921, aka kammala haɗa ta a 1937. Masu binta daga farko zuwa ƙarshe kan ɗauki wata biyar zuwa shida. Mu ɗan yanki muka gutsuro, amma yanki ne da su kansu masu dogon zangon suke ambata da girmamawa, domin a nan ne turbar take fita daga daji ta hau doron dutse tsirara, ta yi tafiyar kusan kilomita 20 babu bishiyar da mutum zai raɓa.

An raɗa wa ƙololuwoyin sunayen shugabannin Amurka. Daga arewa akwai Madison, Adams, Jefferson, sai babbansu Washinton mai tsayin mita 1,917, sannan Monroe, Eisenhower da Pierce. Wanda ya taka bakwai ɗin nan a jere ya yi tafiyar kilomita 30 da 'yan kai, idan kuma ya ƙara wasu na kudu tana iya kai 37. Jimillar hawan da ke ciki ta kusa mita 2,700.

Da na fara ganin adadin 1,917 ɗin nan, raina shi na yi. Chappal Waddi na jihar Taraba ya haura mita 2,400. Duwatsun Shere da na taso ina hangowa daga bayan gidanmu sun wuce 1,800. To, me ya yi zafi? Ashe ba tsayin ne abin tsoro ba, iska ce. Dutsen Washinton yana tsaye ne a mahaɗar hanyoyin guguwa, kuma babu wani abu mai tsayinsa a yamma da shi na nisan gaske da zai karya ƙarfinta kafin ta iso. Ranar 12 ga Afrilu, 1934, ma'aikatan tashar nazarin yanayi da ke bisa ƙololuwar suka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ɗaya. Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a can bai wuce digiri 22 ba. Ana samun ƙanƙara a kowane wata na shekara, hazo kuma yana rufe wurin fiye da rabin lokaci. Sama da mutum 150 sun rasu a wannan yanki tun daga 1849, kuma ba duka a hunturu ba. A ƙarshen watan Yuni na 1900, wasu ƙarfafan maza biyu, William Curtis da Allan Ormsbee, sun mutu a kan hanyar Crawford cikin guguwar ƙanƙara. Mutuwarsu ce ta sa aka gina mafaka a kusa da wurin, daga baya a 1915 aka gina masaukin da ake kira Lakes of the Clouds.

Mu ma ƙarshen Yuni muka zaɓa, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, saboda tsawon yini. A can rana tana fitowa wajen ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai wajen 8:30 na dare.

Lissafin lokaci

Auta ya yi nasa lissafin a tsaye. Yana gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa huɗu, don haka kilomita 31 a tafe ba za ta wuce awa takwas ba. Wannan lissafin kwalta ne.

Ƙungiyar Appalachian Mountain Club, wadda ke kula da masaukai da yawancin hanyoyin yankin, tana da ƙa'idar da take ƙiyasta lokaci da ita a littafinta na jagora: rabin awa ga kowane kilomita 1.6, sannan a ƙara rabin awa ga kowane hawa na mita 300. Da na ɗora hanyarmu a kan wannan ma'auni sai ta ba ni kusan awa 14, ba tare da an sa cin abinci, sallah ko hutu ba. Hasken rana awa 15 da rabi ne. Ke nan ragowar da muke da ita ba ta fi ta shan shayi ba.

Na rarraba hanyar gida-gida. Daga wurin ajiye motoci na Appalachia, a gefen babbar hanya mai lamba 2, za mu bi Valley Way zuwa masaukin Madison Spring: kilomita 6, amma hawan ya haura mita 1,000. A nan ake haɗuwa da Turbar Afalashiya. Daga masaukin zuwa Washinton kusan kilomita 10 ne a kan hanyar Gulfside, kuma nan ne zuciyar wahalar. Daga Washinton zuwa Lakes of the Clouds kilomita 2 da rabi, gangara. Daga nan zuwa Crawford Notch, inda tafiyar take ƙarewa, kilomita 11 a kan hanyar Crawford, wadda Abel Crawford da ɗansa Ethan Allen suka fara sarewa a 1819, ake kuma binta har yau.

Dalilin farawa daga arewa a fili yake: a sha mafi yawan hawan tun da sauran ƙarfi, a bar sauƙin kudu wa gajiyayyun ƙafafu. Akwai kuma wani rangwame da taswira ta nuna mini. Ita Turbar Afalashiya ba ta hawa kan Adams, Jefferson, Monroe da Eisenhower, kewaye su take yi ta gefe, wasu 'yan rassa ne ke kai mutum ƙololuwa su dawo da shi. Don haka duk inda lokaci ya ƙure ana iya yar da ƙololuwa ɗaya a ci gaba da tafiya.

Mota biyu muka shirya. Ɗaya za ta kwana a ƙarshen hanya, kusa da Crawford Notch, ɗaya ta kai mu mafari da asuba. Tsakanin wuraren biyu tuƙin kusan minti 45 ne. Makullin motar ƙarshe na ɗaure shi da igiya a cikin jakata tun daren, don na sha jin labarin waɗanda suka yi awa 14 suna tafiya suka iso mota, sannan suka tuna makullin yana cikin ɗaya motar.

Abin da babu shi a taswira

Mun yi atisaye sau huɗu a Bear Mountain, tafiyar awa ɗaya daga Bronx, inda ita dai wannan turba take wucewa. A fita ta uku na lura da wani abu. Wajen hawa Alhaji ba ya ja da baya, numfashinsa lafiya lau. Amma wajen gangara yana saukowa ne a karkace, ƙafar dama tana jagora, yana dafa gwiwar hagu. Na ce, "Alhaji, ko gwiwar tana damun ku?" Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Malam. Zama ne ya yi mata yawa."

Na san ba zan sake jin wata amsa ba ko da ƙafar za ta cire. Na kuma san ni ma ba zan iya duban mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi shekarun baya, ya ba ni katifa a falonsa wata uku, in ce masa, "Ku ne kuke ja mana baya, mu juya." Auta kuwa ko kusa, a gaban Alhaji ko ƙafa ba ya miƙewa. Haka aka rene mu, kuma ba na fatan mu canza. Sai dai a kan doron da babu mafaka, wannan kunyar tana iya zama ajali. Babba ba zai ce ya gaza a gaban yara ba, yara ba za su ce masa ya gaza ba, kowa yana kara, rana tana tafiya.

Na daɗe ina juya abin. Mafitar da na samu ita ce a fitar da hukuncin daga bakin mutum a mayar da shi kan takarda, kuma a yi hakan tun muna ƙasa, cikinmu a ƙoshe, ba wanda ya gaji balle ya ji da shi ake. Mako guda kafin tafiya muka zauna a falon Alhaji, na rubuta lokutan da ya kamata mu isa kowane wuri: tashi ƙarfe 4, masaukin Madison ƙarfe 7, Adams ƙarfe 9, sirdin Edmands (lotsawar da ke tsakanin Adams da Jefferson) 10:15, Washinton 1:30, Lakes of the Clouds 2:45. A ƙasa na rubuta sharuɗɗa uku. Idan muka isa sirdin Edmands da jinkirin da ya haura awa ɗaya, mun yafe Jefferson. Idan ƙarfe 3:30 ta yi ba mu bar Lakes of the Clouds ba, mu sauka ta kwazazzabon Ammonoosuc. Idan muka ji tsawa ko'ina, mu bi hanyar sauka mafi kusa ta yamma ba tare da shawara ba.

Na miƙa wa Alhaji biro na ce, "Ku ne babba, ku za ku riƙe mana ita. Duk abin da ta ce, ku za ku karanta mana." Ya yi dariya ya ce ko a tasha ba a taɓa ba shi muƙami mai sauƙin wannan ba. Ya sa hannu, muka sa. Dabarar ke nan gaba ɗaya: wanda ya fi kowa wuyar a faɗa masa, shi aka ba aikin faɗa.

Sharaɗin yamma ɗin yana da dalili. A gabashin doron akwai wani makeken kwari da ake kira Great Gulf, hanyoyin cikinsa masu tsananin gangara ne da tsawo, kuma suna fitar da mutum nesa da ko'ina. Yamma ce take da hanyoyin da suka fi saurin kai mutum cikin bishiyoyi da titi, irin su Jewell, Ammonoosuc da Edmands Path. Illarsu ɗaya, iskar ma daga yamma ko arewa maso yamma ta fi zuwa, don haka mai sauka yakan fuskance ta kafin ya samu mafaka. A ƙololuwar Washinton akwai titin mota tun 1861 da jirgin ƙasa mai haƙora tun 1869, amma ban sa su cikin lissafi ba. Samun kujerar sauka ya dogara ne da ko akwai wuri da kuma halin yanayi, titin motar ma gabas yake sauka, bayan dutse daga inda motarmu take.

Kaya da guzuri

Nan ba mu yi wata fasaha ba. Kowa da rigar ruwa, rigar ɗumi, hular sanyi, safar hannu, tocilar goshi, usur, da bargon leda mai ƙyalli na gaggawa. Taswira ta takarda da kamfas suna wurina, domin waya ba ta samun sabis a wurare da yawa, sanyi kuma yana shanye batir. Faɗa ɗaya muka yi, a kan auduga. Alhaji ya so ya sa singileti da wandon jins. Auduga idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, iska na bugunta sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki, kuma haka sanyi yake kashe mutum a tsakiyar bazara: zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35, mutum ya fara tuntuɓe, magana ta sarƙe, yatsu su kasa jan zif. Auta ya ba shi nasa kayan gudu, aka wuce wurin.

Ruwa lita biyu kowa, tunda ana cika gora a masaukin Madison, a ginin da ke ƙololuwar Washinton, da kuma Lakes of the Clouds. Tsakanin na farko da na biyu ne ake jin jiki. Guzuri kuwa na gida ne: soyayyen naman layya, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi, da filas ɗin shayi mai citta da Hajiya ta dage sai an ɗauka. Na yi ƙorafin nauyinsa. Daga baya na janye.

Batun sallah mun tambayi limaminmu. Tafiyar ta haura awa shida a mota, don haka matafiya ne mu, za mu yi ƙasaru mu haɗa Azahar da La'asar. Asuba tana shiga ƙarfe 3 da 'yan mintuna a wannan lokaci, sai muka tsara yin ta kafin mu bar masaukinmu a garin Gorham. Mun kuma sayi katin Hike Safe na jihar, mai kare mutum daga biyan kuɗin ceto, dala 25 kowa, saboda a New Hampshire hukuma tana iya cajin mutum kuɗin ceto idan sakacinsa ne ya jawo.

Abu na ƙarshe shi ne hasashen yanayi na manyan ƙololuwoyi da tashar nazarin yanayi ta ƙololuwar Washinton take fitarwa kullum. Na garin Gorham ba ya aiki a sama. Kowane hawa na mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi, ke nan tsakanin mota da ƙololuwa akwai bambancin digiri 10 tun kafin iska ta sa baki. Mun yi alkawarin idan hasashen ya ambaci tsawa ko iska mai kayar da mutum, mu koma gida da man motarmu a matsayin asara. Bai ambata ba. Ya ce gajimare zai riƙa rufe ƙololuwoyi yana buɗewa, iska matsakaiciya, da yiwuwar yayyafi da yamma.

Ranar

Ba mu tashi ƙarfe 4 ba. Tsakanin alwala, shayi da neman safar hannun Auta ɗaya, sai 4:35 muka shiga daji. Minti 35 tun ba a taka dutse ba, kuma laifin na kowa ne.

Valley Way ta tafi daidai. Daf da inda bishiyoyi suke gajarcewa su koma kamar an danne su da tafin hannu, akwai wani allo mai launin rawaya da ke gargaɗin cewa yankin da ke gaba yana da yanayi mafi muni a Amurka, mutane da yawa sun mutu a can ko da bazara, wanda ya ga yanayi ya ɓaci ya juya. Alhaji ya karanta a hankali, ya yi addu'a, muka shafa. Mun isa masaukin Madison 7:50. Muka ajiye jakunkuna muka hau ƙololuwar muka dawo, 8:50.

Daga nan ne lissafina ya fara ɓallewa, kuma na gane dalili tun a kan Madison. A Bear Mountain an jera matakalai na dutse, an daidaita su, ƙafa ta san inda za ta sauka. A nan babu hanya a yadda muka san hanya. Tarin fasassun duwatsu ne, wani kamar buhun masara, wani kamar firji, an zube su birjik, sai tsibin duwatsu da aka tara nan da can don nuna alƙibla. Kowane taku sai an zaɓa. Wani dutsen ka taka ya motsa, sandar tafiya ta maƙale a rami, ido ba ya barin ƙasa. Mai lafiyar gwiwa tsalle yake daga wannan zuwa wancan. Alhaji kuwa kowane sauka sai ya tsaya, ya kafa sanduna biyu, ya zuro ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagu. Na ƙirga masa a saukowa daga Adams: abin da Auta yake yi a taku uku, shi sai ya yi a motsi bakwai.

Sirdin Edmands wani lotsawa ne tsakanin Adams da Jefferson, inda iska take matsewa ta wuce kamar ta bakin mazurari. An san shi a matsayin ɗaya daga cikin wurare mafi haɗari a doron, don babu mafaka kusa kuma kowace hanyar sauka tana da tsawo. Mun iso 11:50. Muka tsuguna a bayan wani dutse, hazo yana wucewa ta kanmu a guje, na zuba shayi a murfin filas muka riƙa miƙa wa juna. Ba wanda ya ce komai game da lokaci. Auta yana ta kallon Jefferson, yana buɗewa yana rufewa.

Alhaji ya cire safar hannu da haƙori, ya zaro takardar daga cikin ledar da ya naɗe ta, ya duba agogo. Ya ce, "To, jama'a, takarda ta ce Jefferson ba rabonmu ba ne yau." Auta ya buɗe baki, ya dube ni, ya ce, "Yaya, ni kaɗai fa zan iya hawa in same ku a gaba, minti 30 ne." Wannan ban rubuta shi a sharuɗɗa ba, kuma kuskure ne. Hanyoyin biyu suna sake haɗuwa a kudancin ƙololuwar, gaskiya ne, amma a cikin hazo, babu sabis, idan ɗaya ya wuce mahaɗar ko ya gurɗe ƙafa, sauran ba su san ko yana gaba ko yana baya ba. Kafin in haɗa amsa Alhaji ya ce, "Ɗana, mota ɗaya muka shigo." Shi ke nan.

Mun kewaye Jefferson, muka kewaye Clay, ƙololuwar da ke tsakaninsa da Washinton. Can muka fara jin ƙugin jirgin ƙasa, muka tsallaka layinsa, fasinjoji suna ɗaga mana hannu ta taga. Ƙarfe 3:05 muka taka Washinton. Bayan awa goma cikin duwatsu da shiru, sai ga mutane da silifas da ƙananan yara sun yi layi don ɗaukar hoto da allon ƙololuwa. Ba mu bi layin ba. Muka shiga ginin, muka yi alwala da ruwan da ya sa yatsu suka ƙage, muka samu lungu muka haɗa sallolinmu, muka ci nama da burodi.

A gaskiya tun a nan an gama magana. Sharaɗin ya ce 3:30 a Lakes of the Clouds, ga shi 3:35 muna barin Washinton. Amma ban faɗa ba, na bar takarda ta yi aikinta a inda aka ce ta yi. Mun isa masaukin 4:40, yayyafi ya fara. Monroe yana tsaye a gabanmu kamar a miƙa hannu a taɓa. Alhaji ya zauna a benci, ya miƙe ƙafar hagu, a karon farko ya ce, "Malam, gwiwar nan ta kumbura." Bai faɗa ba sai da ya tabbata ba ita ce za ta yanke hukunci ba. Sannan ya zaro takardar ya karanta sharaɗi na biyu da ƙarfi, har wata Baturiya da ke kusa ta juyo.

Da mun ci gaba, kilomita 11 ne a gabanmu, kusan rabinsu a fili. Da saurin da muke yi, duhu zai same mu muna kan doro ko muna shiga daji, a jiƙe, da mutum ɗaya mai ƙafa ɗaya da rabi.

Inda shirin ya yoye

Hanyar Ammonoosuc kilomita 5 ce daga masaukin zuwa wurin ajiye motoci. A takarda na ɗauke ta a matsayin ƙofar fita, kamar dai da an zaɓe ta an tsira. Ban karanta ta da kyau ba. Kilomita ɗaya da rabi na farko gangara ce mai tsanani a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu, rafi yana gudu a gefe, wani wurin ma a kansu, ga yayyafi ya mai da su kamar an shafa sabulu. Ga mai ciwon gwiwa wannan ya fi duk abin da muka wuce. Auta ya ɗauki jakar Alhaji a ƙirji, tasa a baya. A wurare da dama Alhaji zama ya yi ya ja jiki. Sai da muka kai wani tafki da ake kira Gem Pool hanyar ta kwanta. Awa uku da minti goma muka yi, muka fito 8:15, da sauran ɗan haske.

Sai matsala ta biyu, wadda ita ce ta fi ba ni haushi don a teburin falo ya kamata in gan ta. Na tsara inda za mu sauka, ban tsara abin da zai ɗauke mu daga can ba. Motarmu tana kusa da Crawford Notch, kilomita 7 da wani abu daga inda muke, ta wata hanyar daji marar fitila. Wurin ajiye motocin ya kusa zama wayam, waya ba sabis. Na kwance makullin daga igiyarsa na miƙa wa Auta. Ya ɗaura tocila a goshi, ya ɗaure takalmi, ya ruga. Duk yinin nan yana tafiyar da ba tasa ba, sai yanzu gudun famfalakin ya samu wurin aiki. Ni da Alhaji muka yi Magariba da Isha a kan tsakuwa, shi a zaune, sauro da wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna cin mu ta wuya da bayan kunne. Bayan awa ɗaya da 'yan mintuna muka hango fitilar mota.

Da na dawo na zauna da takardar, abubuwa huɗu na gyara. Ƙiyasin littafi na masu lafiyar ƙafa ne da suka saba da irin wannan dutse, don haka tsakanin Madison da Washinton na ƙara kashi ɗaya cikin uku. Na rubuta a fili cewa ba a rabuwa. Motar ƙarshe za ta kwana ne a bakin Ammonoosuc, ba a Crawford Notch ba, domin wanda ya kammala doron yana da ƙarfin da zai nemi mota, wanda ya sauka dole shi ne ba shi da shi. Na huɗu ya fi wuya a rubuta. Abin da na gani a Bear Mountain ya isa ya sa in sauya tafiyar tun farko, a raba ta kwana biyu a kwana a ɗaya daga cikin masaukan, ko a tsaya a kan rabin kudu mai sauƙi. Takardar ta cece ni daga faɗa wa Alhaji gaskiya a kan dutse, amma ni na yi amfani da ita don kauce wa faɗa masa a falo, inda faɗar ba ta da haɗari sai nauyin baki.

Likita ya ce gwiwar ba ta yage ba, amma ya hana shi gangara mai tsanani. Bayan wata biyu na kai masa sabuwar takardar ya gani. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, ya tsaya a kan Washinton 1:30. Ya tambaye ni tsawon titin motar nan da ke hawa dutsen, na ce kilomita 12. Ya ce, "To ku rubuta ni a nan. Ku ku taho ta duwatsunku, ni zan hau da mota in jira ku da shayi. Idan ƙarfe 2 ta yi ban gan ku ba, kowa ya shiga baya, mitar tasi tana gudu."